Turaren Safiya a Tankin Mota

Ruwa ne shuɗi a cikin jarkoki, an jera su a bakin wani gidan mai. Shi ya fara ɗaukar idona a Santambul, tun muna cikin motar da ta kwaso mu daga filin jirgi. Shuɗinsa sak na mayafin da Safiya ta yafa ranar da na je yi mata sallama, sai na ɗauke shi alamar alheri. A littattafan da na karanta haka tafiya take farawa: jarumi ya ga wani abu a baƙuwar ƙasa, zuciyarsa ta koma wurin masoyiya.

Na taɓa Nasiru, wanda ya shirya mini tafiyar, na ce, “Wancan fa, lemo ne?”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Ruwan wanke gilashin mota ne, ɗan ƙauye.”

“Har ruwan mota sai an rina shi?”

“Nan komai sai an yi masa kwalliya. Kai dai buɗe ido.”

Na yarda da shi. Ban san bai taɓa riƙe sitiyari a ƙasar ba.

Sunana Habibu. Ƙauyenmu yana tsakanin Kunci da Shanono, inda gona take manne da gona, ba ka ɗaga fartanya ba ka taɓa iyakar maƙwabci ba. Da aka raba mana gonar babanmu, abin da ya zo hannuna bai isa ciyar da akuya ba, sai na nufi tasha. Na fara da wankin mota, na ƙare a direban bas tsakanin Kunci da Bichi. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin talaka, mai motar ya ɗora ta a kan duwatsu, ni kuma na koma zaman inuwa. Abin da ya rage mini shi ne littattafan soyayya da Safiya take bayarwa haya a zauren gidansu. Duk ƙauyen ni kaɗai ne namijin da yake zuwa karɓa, kuma ban taɓa ɓoye littafi a cikin riga ba. Da na tura manya, mahaifinta bai kore su ba. Cewa ya yi, “Yaron kirki ne. Ya nemo abin yi tukuna.”

Abin yin nan ne ya kai ni hannun Nasiru, ɗan Dawakin Tofa, wanda ya ce wani attajiri a Santambul yana neman direba mai sallah.

Attajirin bai taɓa bayyana ba. Abin da na tarar kura ce ta ƙarfe mai taya biyu, da dilolin atamfa da takalma na ’yan kasuwarmu, da tituna masu hawa kamar an jingina su da bango. Muna kwana a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, taga ɗaya, ta cikinta ƙafafun mutane kawai ake gani. Rannan na tare Nasiru a bakin shago.

“Yaya Nasiru, ina motar?”

Ya nuna kurar da haɓa. “Ga ta nan. Ba ta da taya ne?”

“Tuƙi ka ce mini.”

“To turawa da tuƙawa, ai duk kai ne a gaba. Ka ɗauka littafi ne nan, Malam Jarumi? In ka gaji ka miƙa kanka ga ’yan sanda, kyauta suke mai da mutum gida.”

Na ce masa zan koma gida, amma da ƙafata, kuma ranar da na ga dama.

Akwai al’adar mutanen ƙasar da ta sanyaya mini rai. Duk shagon da ka shiga, ko da dako ka kawo, sai mai shagon ya tsiyaya maka wani turare a tafin hannu, mai ƙanshin lemon tsami, suna ce masa kolonya. Ranar da wani tsoho ya fara zuba mini, hannuna duk kanta, sai da na juya baya don kada ya ga idona. Da gumina na farko na sayi babbar kwalbarsa, na naɗe ta a cikin rawanin babana. Na kira Safiya.

“Na saya miki wani abu. Ba zan faɗa ba.”

“Turare ne.”

“Wa ya gaya miki?”

“Habibu, littattafan nan fa daga hannuna kake karɓa. Akwai wanda jarumin ya kawo garin kwaki?”

Wani ɗan kasuwa ne ya haɗa ni da Baba Idi, dattijo ɗan Shanono da ya daɗe yana yi wa wani manomi kiwon shanu can gabashin ƙasar, kan duwatsu. Ta waya ya ce mini, “Akwai gidan burodi da direbansu ya tafi soja. Amma ɗana, akwai sanyi.” Na ce ai mu ma muna da sanyi a gida. Sai ya ce, “To, taho.”

Na yini na kwana a bas. Gari ya waye mana a ƙasar da babu bishiya, sai duwatsu da sararin sama.

Mai gidan burodin gwauruwa ce mai faɗin kafaɗa, sunanta Emine, na mai da ita Inna Amina, ita ma ta amsa. Ta ba ni ɗan ɗaki a bayan murhun gashi, ta ba ni mukullin wata farar mota mai rufaffen baya. Aikina in kai burodi ƙauyukan da ke kan dutse, in ƙare da na can ƙarshe, bayan wata ƙwaryar dutse mai tsayi inda titi yake ratsa tsakanin duwatsu, kafin azahar. Ta kuma fara nema mini takardar aiki da sunan gidan burodin. Ƙanenta Usman, mai jan gashin baki, bai so haka ba, don yana da suruki da yake so a ba motar. A gabana ya ce mata, da ɗan yaren da na fara tsinta da kuma hannu, mutumin ƙasar rana ba zai iya da hunturu ba. Suka yi ta musu, har suka tsaya a kan magana ɗaya: ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka sosai, in burodi bai isa ƙauyen ƙarshe kafin azahar ba, mukulli ya koma hannun surukin. Na san abin da hakan yake nufi. Babu mota, babu ɗaki, babu takarda, sai jirgin ’yan kora, in sauka Kano da leda a hannu.

Na riƙe motar nan yadda muke riƙe mota a tasha. A wurinmu direban da ya fita da mota da dattin jiya, ko gaisuwarsa ba a amsawa da kyau. Kullum sai na wanke ta, na goge, na karkaɗe shimfiɗun ƙafa. Inna Amina takan leƙo ta taga ta ɗaga mini babban yatsa. Kwalbar Safiya kuwa a ƙarƙashin kujerar motar na ajiye ta, don ɗakina yana da zafin murhu, ina tsoron kada ƙanshin ya gudu.

Wata la’asar na ja sandar feshin ruwa, sai ya fito tsit-tsit ya tsaya. Shuɗin ruwan da na tarar a tankin ya ƙare. Na ce a raina, ba zan sa baiwar Allahn nan ta sayi ruwan kwalliya ba alhali ga famfo. Na yi abin da kowane direba yake yi daga Kunci har Kano: na cika tanki da ruwa, na barbaɗa garin sabulu, na girgiza. Na gwada, ya fesa kumfa fari tas. Na shiga ɗaki ina jin kaina gwani.

Da asuba na buɗe ƙofa na ga duniya ta zama fara fat. Na tsaya ina kallo baki buɗe, ina tsara yadda zan ba Safiya labari. Sai sanyin ya kama mini haƙora.

Usman yana tsaye a bakin murhu da kofin shayi. Agogonsa kawai ya nuna mini.

Na kankare gilashi, na loda burodi yana tururi, na kama hanya. Cikin gari lafiya lau. Da na hau babban titi na shiga bayan wata tirela, sai ta fara watso mini taɓo. Ashe gishiri suke zubawa a titi don ƙanƙara ta narke, shi ne yake haɗuwa da laka. Yana sauka a gilashi yana bushewa fari kamar an shafa toka. Na ja sandar feshi. Waifa ta tashi, ruwa bai fito ba. Ta shafe taɓon daga gefe zuwa gefe, ta rufe ɗan abin da nake gani. Daidai nan rana ta leƙo daga bayan dutse ta daki gilashin. Ban ƙara ganin titi ba, kuma na san a damana rami ne mai zurfin da ba a jin faɗuwar dutse.

Na lallaɓa na tsaya a gefe.

Na ce, Habibu, mota mota ce, ko a Kunci ko a nan. Na sake jan sandar na kasa kunne. Ɗan injin feshin yana gurnani a ciki, ke nan fis bai ƙone ba, wuta tana zuwa. Na saki da sauri don kada in ƙona shi. Na fita na duba nozul, ’yan ƙofofin nan biyu da ke kan bonet masu fesa wa gilashi ruwa. Kowace ta yi hular ƙanƙara. Na kankare da farce, na zura tsinken sakace, ya karye a ciki. Na ɗauko butata ta alwala, wadda na cika tun jiya, na karkata ta. Ko ɗigo. Ta zama dutse mai hannu.

Sai na tuna fulas ɗin ruwan zafi da Inna Amina take ba ni don shayi. Na tsiyaya a kan nozul, na watsa sauran a gilashi. Ya wanke tas, na ga duwatsu, na ce alhamdu lillahi. Kafin in zagaya in zauna, ruwan ya daskare a inda yake, ya zama wani gilashin a kan gilashi. Daga baya aka gaya mini Allah ne ya rufa asiri da bai tsage ba.

Na ɗaga bonet. Tankin an ɓoye shi can gefen taya, nesa da zafin inji. Na cire murfin na zura ƙarfe. Ƙwas. Ruwan sabuluna ya zama irin ƙanƙarar da ake sarawa da guduma a kasuwa lokacin azumi.

Waya ta yi ƙara. Usman ne. Ya ce ya ji titi ya ɓaci, in na kasa in bar motar inda take, surukinsa zai zo ya ƙarasa.

Na ce, “Ina hanya.”

Ya ce ba abin kunya ba ne, ƙasarku babu wannan.

Na sake cewa, “Ina hanya,” na kashe.

Na kankare ɗan wuri daidai faɗin tafin hannu, na sauke gilashin gefe, na fito da kai waje. Haka na yi ta tafiya kamar kunkuru. In mota ta wuce ta watsa mini taɓo, in tsaya, in ɗebi dusar ƙanƙara da hannu in goge, in ci gaba. Hawaye suna fita don iska, suna daskarewa a gashin idona. Yatsuna suka daina jin sitiyari. A littafi, wannan ne wurin da wata kyakkyawa take tsayawa da mota ta ce, “Bawan Allah, lafiya?” Ni tirela ce kawai take wucewa tana danna mini hon.

Ƙauyen farko shi ne na Baba Idi. Na sauke musu burodinsu, na nufi garken da yake aiki. Ya fito cikin wata ƙatuwar rigar fata, da hular da yake ɗinkawa a hannu, don bai bar ɗinkin hula ba ko a can. Ya dubi gilashin, ya dubi fuskata.

“Ango, wa ya yi maka kwalli da gishiri?”

“Baba, ruwan feshi ne ya daskare.”

“Wane ruwa ka zuba?”

Na faɗa masa. Ya riƙe ciki yana dariya, tururi yana fita daga bakinsa. “Da garin sabulu! Ka ɗauka tashar Bichi ce? Ni ma fa kada ka ga ina dariya, shekarar da na zo wanki na shanya a waje, wandona ya tsaya da ƙafarsa kamar zai tafi ya bar ni.”

“Baba, azahar.”

Ya daina dariya. Ya san maganar da aka yi da Usman. Shi ba direba ba ne, amma ya san wuri ɗaya mai ɗumi a ƙauyen. Ya buɗe manyan ƙyamaren ɗakin shanu, ya ce in shigo da kan motar. “Kashe injin, kada ka shaƙe mini dabbobi.”

Ɗakin ginin dutse ne, rufinsa ƙasa, cike da shanu, numfashinsu ya ɗumama shi kamar ɗakin mai jego. Warin kashin shanu ya buge ni, na ji kamar ina bayan gidanmu da damina. Muka rufe ƙofa, muka lulluɓe bonet da barguna don zafin injin ya zauna a ciki. Baba Idi ya ɗora tukunya, muna jiƙa tsumma a ruwan ɗumi muna naɗe tankin da siririn tiyon da ke kai ruwa sama. Wata saniya ta miƙo kai tana lasar gishirin da ke jikin ƙofar motar.

Na zare tiyon daga nozul na busa da baki. Da farko kamar ina busa dutse. Na ci gaba har kunnuwana suka toshe, sai na ji wani abu ya motsa, ruwan sabulu mai sanyi ya dawo mini cikin baki. Baba Idi ya zare allurarsa daga jikin hula ya miƙo mini.

“A hankali. Daga Shanono ta zo.”

Da ita na ciro guntun tsinken, na buɗe ƙofofin biyu. Da ƙanƙarar tankin ta saki, na zura tiyo na zuƙa, yadda muke zuƙo fetur daga tanki a shekarun layin mai, na tsiyaye ruwan sabulun duka a ƙasa.

Sai muka tsaya muna kallon juna. Tanki ya zama fanko, to me za a zuba? In na sa ruwa, kafin in kai ƙwaryar dutsen ya sake daskarewa, kuma can ne titin ya fi ƙunci. Baba Idi ya leƙa gidan maigidansa da maƙwabta, babu mai shuɗin ruwa. Mai shagon ƙauyen ya tafi gari. Rana tana hawa.

Na durƙusa ina laluben wani tsumman a ƙarƙashin kujera, hannuna ya taɓa rawanin babana. Na jawo shi. Kwalbar ta yi ƙulum a ciki. Na ɗaga ta, na karkata. Turaren yana gudu yadda yake ranar da na saye shi. Na dubi butata a gefen birki, har yanzu da sauran dutse a cikinta. Mota ɗaya suka kwana, sanyi ɗaya suka sha.

Baba Idi ya gane kafin in yi magana. “Kai, Ango. Na yarinyar ne fa.”

“Na sani.”

“Tun daga Santambul kake goyonsa.”

“Baba, in burodin nan bai isa ba, ni da kwalbar jirgi ɗaya za a sa mu. In kai mata turare in ce mata me? In ce wa babanta me?”

Na ɓalle murfin. Ban yi wani dogon jawabi ba, ko da yake na san irin wanda ya dace. Na yi bisimilla na juye shi duka a tankin, na mai da tiyo, na shiga na murɗa mukulli, na ja sandar. Injin feshi ya yi gurnani, ya yi tari, sai ga ruwa ya tashi ta ƙofofin biyu ya baje a gilashi. Waifa ta share. Ɗakin shanu gaba ɗaya ya ɗauki ƙanshin lemon tsami, shanun suka ɗaga kai.

Baba Idi ya ce, “Yau dabbobina sun ga biki. Tafi, kada ka yi ta fesawa kamar amarya, a hankali za ka ja shi.”

Na hau ƙwaryar dutsen da gilashi a rufe, hannuna a kan sandar, ina fesawa sai in ya zama dole. Duk fesawa ɗaya ƙanshin ya shigo ta ramin iska, in ga Safiya a zaure tana jera littattafai. Na yi ta yi wa dutsen magana da Hausa, ina ce masa bai san daga inda na fito ba. Na shiga ƙauyen ƙarshe na tarar da mata tsaye a bakin shago da jakunkuna. Burodin ya huce, amma ya iso. Ina sauke tire na ƙarshe ladan ya ɗaga murya.

Da na koma gari, Usman ya riga ya ji ta waya. Ya zagaya motar yana neman inda na buga, bai samu ba. Ya tsaya a gaban bonet yana shinshina. Na ba Inna Amina labari, rabi da baki rabi da hannu, na nuna mata kwalbar. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun fulawa, tana share ido da gefen ɗankwali. Sannan ta shiga ciki ta fito da jarkar shuɗin ruwan nan, ashe akwai ta a bayan ƙofa tun tuni. Ta nuna mini hoton ƙanƙara a jikinta, ta ce sifirit ne a ciki, irin wanda ke cikin kolonya, shi yake hana shi daskarewa. Ta tambaye ni turaren na wane ne. Na ce na wadda zan aura. Ta daina dariya, ta dube ni, ta juya ta ce wa ƙanenta mukulli yana inda yake.

Na ce wa Usman, da yarensa, gobe ma akwai ƙanƙara, kuma gobe ma ina hanya.

Da yamma na kira Safiya na faɗa mata gaskiya.

“Wato turarena ka wanke wa mota ido da shi.”

“Zan sayo miki wani, wanda ya fi shi.”

“Ban ce ka sayo wani ba. Kwalbar tana nan?”

“Tana nan.”

“To kada ka yar. Ita za ka kawo mini.”

Na yi hunturu bayan hunturu a kan wannan hanya, takardata a aljihu, ban sake zuba ruwan famfo a tanki ba. Na dawo gida ranar da na ga dama, da ƙafata, kamar yadda na gaya wa Nasiru. Na sayi tawa motar, ina jigilar hatsi tsakanin Kunci da Dawanau.

Safiya yanzu uwar ’ya’yana ce. Ta bar hayar littafi, don yara sun koma karatu a waya, ta kama haɗa humra da turaren wuta, har daga Dawakin Tofa ake aiko mata saƙon na amare. Kwalbar nan ita ce ma’auninta, rubutun jikinta duk ya goge. Tana haɗa kowane irin ƙanshi, ban da ɗaya. Kwanan baya na ji wata mata a tsakar gida tana tambaya ko akwai mai lemon tsami. Safiya ba ta ko ɗaga kai daga kaskon ba, ta ce, “Hajiya, wannan ai na mota ne. Sai dai ki tambayi maigidan.”